Tozon Himalaya: abin da ya riƙa kayar da jiragen dakon kaya tsakanin Indiya da Sin

Tambayar da wani ɗan'uwa ya aiko ita ce: "Kakana ya yi yaƙin Bama, kuma kafin rasuwarsa yakan ba mu labarin yadda jirage ke jefo musu abinci da harsashi a daji. Kwanan nan na ji an ce akwai wata hanyar jirage ta kan duwatsun Himalaya da ta ci ɗaruruwan jirage a wannan yaƙin. Ita ce ta ciyar da su kakana? Kuma me ya sa jiragen suka yi ta faɗuwa, alhali ba harbo su ake yi ba?"

Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, tambayarka ta farko amsarta a'a ce. Ayyuka biyu ne daban, ko da yake a yanki ɗaya aka yi su, a lokaci ɗaya, wani sa'in ma da jirage iri ɗaya. Sojojinmu na Afirka ta Yamma, wato runduna ta 81 da ta 82, a kudu maso yammacin Bama suka fi yin yaƙi, wajen Arakan da kwarin kogin Kaladan. Jiragen da ke ciyar da su sukan sauko ƙasa-ƙasa ne su saki buhuna da akwatuna, wasu da laima wasu haka nan, su juya. Ita kuwa hanyar da ka ji labarinta can arewa take. Tana tashi daga Assam, a kusurwar arewa maso gabashin Indiya, ta haye duwatsu ta sauka Kunming a ƙasar Sin, kuma kayan da ke cikinta na sojojin Sin ne da jiragen yaƙin Amurka da ke can. Matuƙan Amurka suka sa mata suna Hump, wato tozo, irin na raƙumi ko na sa. Da Tozo zan riƙa kiranta.

Amma kada ka ce ba ta shafe mu ba ko kaɗan. Da yawa daga jiragen da suka yi wannan aiki ta kanmu suka bi. Sukan taso daga Fulorida zuwa Natal a Barazil, su ƙetare teku, wasu su sha mai a tsibirin Ascension, su sauka Akara, sai Kano, sai Maiduguri, sai Khartum, daga nan su nufi Karachi. Filin jirgin Kano ya ga jirage masu yawa waɗanda ƙarshensu a gefen wani dutse a iyakar Bama da Sin ya kasance.

Asalin maganar toshe hanyoyi ne. Japan ta auka wa Sin gadan-gadan a 1937, ta kame tashoshin ruwanta ɗaya bayan ɗaya. A 1940 aka rufe layin dogon da ke zuwa Kunming daga Haiphong. Abin da ya rage shi ne Hanyar Bama, titi mai tsawon kusan kilomita 1,150 daga Lashio zuwa Kunming, wanda leburori suka sassaƙa da hannu a jikin duwatsu. Kaya su sauka Rangun daga jirgin ruwa, jirgin ƙasa ya kai su Lashio, manyan motoci su ƙarasa. A Maris 1942 Japan ta ci Rangun, ƙarshen Afrilu ta ci Lashio, farkon Mayu ta ci Myitkyina da filin jirginta. Shi ke nan, gwamnatin Sin ta Chiang Kai-shek da ke Chongqing ba ta da sauran ƙofa sai sama. Shugaba Roosevelt na Amurka kuwa yana tsoron idan Sin ta ajiye makami, ɗimbin sojojin Japan da ke daure a can za su samu sukunin juyowa kan Amurka a tekun Fasifik. A Afrilu 1942 jiragen farko suka haye, tare da na kamfanin CNAC, wanda gwamnatin Sin da kamfanin jiragen Amurka Pan American suka mallaka tare, kuma matuƙansa sun fi kowa sanin waɗannan duwatsu.

Nisan bai taka kara ya karya ba. Daga Chabua zuwa Kunming kusan kilomita 800 ne, kamar Kano zuwa Legas ta sama. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Filayen Assam, su Chabua da Dinjan da Mohanbari da Sookerating da Jorhat, a kwarin Brahmaputra suke, cikin gonakin shayi, kaɗan suka ɗara teku tsawo. Kwarin kuma duwatsu sun kewaye shi. Jirgi na tashi da lodi, dole ya yi ta hawa kafin ya isa duwatsun Patkai masu kusan ƙafa 10,000. Bayan su sai kwari, sai wani jerin duwatsu, sai kogin Irrawaddy, sai Salween, sai Mekong, kowane kogi a cikin rami mai zurfi, tsakaninsu bango. Bangon da ke tsakanin Salween da Mekong yakan kai ƙafa 15,000, kusan mita 4,500. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, Chappal Waddi na Taraba, mita 2,419 ne. Ka ɗora wani a kansa, to da kaɗan ka wuce.

Game da harbi, an harbo wasu, musamman a Oktoba 1943. Amma babbar ɓarnar da mayaƙan saman Japan suka yi ba da bindiga suka yi ta ba. Zamansu a Myitkyina ne ya hana jiragen kaya, waɗanda ba su da ko bindigar toka, bin hanyar kudu inda duwatsu ke da sauƙi. Sai aka tura su arewa inda bangon ya fi tsawo. Gaba kura, baya sayaki.

To me ke kayar da jirgi a irin wannan wuri? Na yi shekaru ina aikin lissafin lodin jirage, kuma abin da zan ce maka shi ne, dutse shi ne na ƙarshe a jerin masu laifi. Kafin jirgi ya taɓa shi an riga an yi kuskure a takarda, ko a gareji, ko a ofishin wani babba.

Fara da iska. Jirgi a kan iska yake kwance, injinsa kuma iska yake shaƙa. Duk hawan da ka yi iskar na ƙara tsinkewa. A ƙafa 18,000 ƙarfinta rabin na bakin teku ne. Fiffike ya rage ɗauka, farfela ta rage cizo, inji ya rage ƙarfi. Zafi ma haka yake yi. Na sha tsayawa a gindin jirgi a nan Arewa da azahar ɗin watan Afrilu, kwalta na tururi, takardar lodi a hannuna, ina gaya wa mai kaya cewa sai an sauke akwatuna kaza. Yana kallon jirgin yana cewa ga wuri nan a ciki, Malam, me ya sa? Wuri akwai. Iskar da za ta ɗauki nauyin ce babu. Da asuba da sanyi da jirgin ya kwashe su duka. Yanzu ka ɗauki wannan lissafi ka kai shi Assam, inda ga zafi ga laima, ga umarnin a cika jirgi maƙil, sannan a ce ya haura ƙafa 18,000 ko 20,000.

Jirgin da aka fara da shi, C-47, doki ne mai haƙuri, amma ba a yi shi don wannan tsawo ba, kuma abin da yake ɗauka bai wuce tan biyu da rabi ba. Sai aka kawo C-46, mai ƙaton ciki da injuna biyu masu ƙarfin doki 2,000 kowanne. Ya fi ɗauka, ya fi hawa, amma an fito da shi daga masana'anta cikin gaggawa ba a gama gyara lahaninsa ba, sai Tozo ta zama wurin gwajinsa. Fetur kan yoyo ya taru a cikin fiffike, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Akwai C-87, wanda jirgin jefa bam ne B-24 aka mayar na kaya. Yana da injuna huɗu, amma fiffikensa ba ya jure ƙanƙara ko kaɗan. Ɗan'uwansa C-109 tankar mai ce zalla mai tashi, kuma matuƙa ba su son ganinsa.

Ga abin da mutane ba su cika lura da shi ba game da jirgi mai inji biyu. Idan ɗaya ya mutu, ɗayan ba zai riƙe jirgi mai lodi a ƙafa 18,000 ba. Jirgin ba zai faɗo kamar dutse ba, zai riƙa zamowa ne sannu a hankali har ya kai tsawon da inji ɗaya zai iya riƙewa. A kan fili wannan ba komai ba ne, sai ka nemi wurin sauka. A kan Tozo, tsawon da inji ɗaya ke iya riƙewa yana ƙasa da kan duwatsun da ke gaba da baya. Abin da ya rage shi ne a buɗe ƙofa a fara turo kaya waje. Ka yi tunanin mutum biyu a cikin jirgin da ke tangal-tangal, cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, iskar shaƙa ta abin rufe hanci kawai, suna kwance igiya suna gangaro da duro mai lita 200 na fetur zuwa bakin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, matuƙi na kallon allurar tsawo tana sauka.

Sai ƙanƙara, wadda a ganina ita ce babbar makashiya. Iska mai laima daga tekun Bengal takan taso ta bugi duwatsu ta hau sama, ta haɗu da sanyin da ke gangarowa daga Tibet. Gajimaren da ke nan cike yake da ɗigon ruwa wanda ya wuce sanyin daskarewa amma bai daskare ba, yana jiran abin da zai taɓa. Fiffike na shiga, sai ya manne ya zama ƙanƙara. Nauyi ya ƙaru, siffar fiffike ta lalace, ɗauka ta ragu. Takan toshe maƙogwaron kabureta inji ya shaƙe. Takan taru a farfela ta ɓalle ta bugi jikin jirgi kamar ana jifa. Maganinta a haura sama da gajimaren ko a sauka ƙasa da shi. Sama jirgin ba zai iya ba saboda lodi, ƙasa kuma dutse ne.

Damina daga Mayu zuwa Oktoba, ruwa kamar da bakin ƙwarya, filaye su zama taɓo. Da hunturu kuma iska mai gudun fiye da kilomita 160 a awa takan bugo daga yamma ko kudu maso yamma. Idan ta haye dutse sai ta yi toroƙo kamar ruwa a kan duwatsun kogi, ta ɗaga jirgi dubban ƙafa cikin minti ɗaya, ta sake dankwafar da shi. Ta kuma ture shi gefe ba tare da matuƙi ya sani ba. Abin neman hanya a lokacin shi ne wata allura da ke nuna inda tashar rediyo take a ƙasa, amma idan hadari ya haɗu sai allurar ta bar tashar ta koma nuna inda walƙiya take. Taswirorin ma wasu tsawon duwatsun da ke cikinsu ba daidai ba ne. Mutum yana cikin gajimare, yana tsammanin yana kan layi, ashe iska ta kai shi arewa inda duwatsu suka fi shi tsawo. A daren 6 zuwa 7 ga Janairu 1945 hadari ɗaya ya ci jirage fiye da goma.

Duk wannan halitta ce, ba yadda aka iya da ita. Abin da ɗan Adam ya ƙara shi ne gaggawa. A taron Washington na Mayu 1943 Roosevelt ya yi wa Sin alkawarin tan 10,000 a wata, alhali abin da ake kaiwa a lokacin bai kai rabin haka ba. Aka turo jirage da samarin matuƙa, wasunsu ba su daɗe da fitowa makaranta ba, ba su saba tuƙi cikin gajimare da allura kaɗai ba, wasu ma ba su taɓa riƙe jirgi mai inji biyu da lodi ba. Kanar Thomas Hardin, wanda ya karɓi aikin a ƙarshen daminar 1943, ya sa a riƙa tashi dare da rana, ya kuma hana a soke tafiya saboda yanayi. A Disamba aka haura tan 12,000. A rabin shekarar nan na ƙarshe kuma an yi haɗari fiye da 150. Ba na cikin masu zagin Hardin kai tsaye, domin an ba shi adadi ne aka ce ya cika, ya kuma cika. Amma wanda ya yanka adadin yana zaune a Washington bai taɓa ganin ƙanƙara a fiffike ba. Akwai kuma wata doka da ta ƙara dagula lamarin: matuƙi zai koma gida idan ya cika awa 650 a sama. Sai samari suka riƙa tashi ba hutu don su cika da wuri, gajiya tana kashe su.

Wanda ya yi tsalle da laima ma tsugune ba ta ƙare masa ba. Ƙasa daji ne mai duhu, ga matsattsaku, ga zazzaɓi, ga sintirin Japan. A Agusta 1943 wani C-46 ya samu matsalar inji, mutum ashirin suka diro cikin ƙasar Naga, cikinsu har da ɗan jaridar Amurka Eric Sevareid. Aka jefa musu kaya, likita ya diro musu da laima, mutanen ƙauye suka riƙe su, suka yi kusan wata guda kafin su fito da ƙafa. Bayan wannan ne aka kafa ƙungiyar nema da ceto ƙarƙashin Kyaftin John Porter, wanda shi ma aka harbo jirginsa a Disamba na shekarar. Mutanen duwatsu, Naga da Kachin da sauransu, su ne suka fito da yawancin waɗanda suka tsira, a kafaɗa ko a kan makara, kuma ba kasafai ake ambatonsu ba.

Me ya rage mutuwar? Abu na farko a ƙasa aka yi shi. A 17 ga Mayu 1944 sojojin Amurka da na Sin ƙarƙashin Janar Stilwell suka ƙwace filin jirgin Myitkyina, garin kansa ya faɗi a farkon Agusta. Nan take hanyar kudu ta buɗe, duwatsu suka rage tsawo. Sai jirgin C-54 ya samu shiga, mai injuna huɗu da lodi mai yawa, wanda a da ba ya iya hawan hanyar arewa da kaya. Shi yana iya tasowa tun daga filayen Bengal.

Na biyu shi ne Janar William Tunner, wanda ya zo a Satumba 1944. Mutumin takarda ne da jadawali, kuma matuƙa da yawa ba su ƙaunace shi ba. Ya mayar da gyaran jirgi kamar layin masana'anta: a ja jirgi daga tasha zuwa tasha, a nan a wanke, a can a duba inji, gaba a duba waya da birki, kowace ƙungiyar makanikai da aikinta guda da ta ƙware a kai. Kowane haɗari sai an bi diddiginsa an rubuta sababi. Ya sa doka cewa cika awa kaɗai ba zai mai da mutum gida ba sai ya yi shekara, don haka tseren ya mutu. Ya ma tilasta aski da tsabtar barikoki, abin da ya fi ba su haushi. Lodi ya yi ta hawa, haɗari a kan kowace awar tashi ya yi ta sauka. A Yuli 1945 an kai tan 71,000 a wata ɗaya. Shi ne kuma aka kira a 1948 ya tafiyar da jigilar kaya ta sama zuwa Berlin da Tarayyar Sobiyet ta toshe wa hanya, da darasin da ya koya a Tozo.

Kada mu manta da abin da ke bayan filin jirgi, don a nan rabin wahalar take. Kayan da suka sauka Kalkata sai sun hau jirgin ƙasa, a tsakiyar hanya faɗin layin dogo ya canza a sauke a sake lodi, a bakin Brahmaputra kuma babu gada, sai an ɗora taragu a kan kwale-kwalen fito. A farkon 1944 sojojin jirgin ƙasa na Amurka suka karɓi tafiyar da layin Assam kafin abin ya daidaita. Filayen kuwa leburorin gonakin shayi ne suka gina su, mata na fasa dutse da guduma suna ɗauka a kai. Har giwaye an sa suna ɗora duro a jirgi. A ɓangaren Sin dubban manoma ke jan ƙaton dutsen daddale fili da igiya.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Alƙaluman da aka fi ambata su ne kusan tan 650,000 cikin wata 42, jirage 594, mutum 1,659 tsakanin matattu da waɗanda ba a gani ba. Mafi yawan lodin nan fetur ne, kuma jigilar sama tana cin kanta: Sin ba ta da mai, don haka jirgi sai ya tafi da man dawowarsa. Inda abin ya fi muni shi ne shirin jiragen jefa bam B-29 na 1944, waɗanda ke zaune kusa da Kalkata suna kai hari Japan daga filayen Chengdu. Kafin jirgi ɗaya ya kai hari ɗaya sai an yi sawu da yawa a kan Tozo ana tara masa mai da bam. Wannan a ganina asara ce, kuma Amurkawan ma sun gane, suka kwashe jiragen zuwa tsibiran Mariana. Kan sauran kayan kuma Stilwell da Janar Chennault, kwamandan jiragen yaƙin Amurka a Sin, sun yi ta ja-in-ja. Chennault ya ce a ba jiragen yaƙinsa, Stilwell ya ce in ba a gyara sojan ƙasa ba Japan za ta zo ta ƙwace filayen. A 1944 Japan ta kawo farmakin Ichi-Go ta ƙwace su Hengyang da Guilin, maganar Stilwell ta fito. Shi ma titin da Stilwell ya dage a gina, daga Ledo ta Assam, sai farkon 1945 ayarin farko ya isa Kunming, kuma a Yuli na shekarar abin da titin ya ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da jirage suka kai ba. Hukuncina shi ne, Tozo ba ta ci yaƙi a fagen daga ba. Abin da ta yi shi ne ta riƙe gwamnatin Chongqing a cikin yaƙin, kuma don wannan aka biya farashin. Yawancin lodin ma a shekarar ƙarshe aka kai shi, bayan an wuce lokacin da Sin ta fi buƙata.

An rufe hanyar a Nuwamba 1945. Har yau mafarauta a Arunachal Pradesh na tsintar tarkacen jirage a kan duwatsu, Amurka na turo masu neman ƙasusuwan mutanenta, kuma a 2023 an buɗe gidan tarihi na wannan hanya a Pasighat.

Komawa kan kaka, akwai wuri ɗaya da labaran biyu suka haɗu. A Maris 1944, da Japan ta nufo garin Imphal na Indiya, Mountbatten, babban kwamandan sojojin ƙawance a yankin, ya ari jiragen C-46 daga Tozo don kwasar sojoji daga Arakan zuwa can. In kana son sanin ainihin inda ya yi yaƙi, ka tambayi manyan gidanku sunayen da yake ambata. In yana cewa Kaladan, da tafiyar ƙafa da kaya a kai, to runduna ta 81 ce. In yana ambaton Myohaung da gangarawa kudu ta gaɓar teku a 1945, ta yiwu ta 82 ce. In kuwa ya ce a jirgi aka kai su aka sauke a tsakiyar daji bayan layin Japan, to yana cikin birged ta 3 ta 'yan Najeriya da aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate a 1944. Ka duba ko takardar sallamarsa tana nan a cikin tsohuwar adaka, lambar bataliyarsa na jiki.